Sharhi: Daga Jangali Zuwa Harajin Iska, Ina Matsayin Shanun Taraba a Lissafin Duniya?

Daga shekarar 2030, manomin ƙasar Denmak zai fara biyan haraji a kan iskar da dabbobinsa ke fitarwa. Gwamnatin ƙasar da ƙungiyoyin manoma da na masu kare muhalli ne suka cimma wannan matsaya a watan Yunin 2024, kuma ita ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi haka. A takarda, harajin zai fara daga kurona 300 a kan kowane tan, ya kai 750 a 2035, sai dai rangwamen kashi 60 cikin 100 da aka yi wa manoma ya mayar da abin da za su biya a zahiri kurona 120 da farko, sannan 300.

Duk wanda ya kai wannan labari kasuwar shanu ta Iware, ko ta Nguroje a tsaunin Mambila, ba zai sha wahalar fassara shi ba, domin kalmar tana nan tun kaka da kakanni: jangali. Babu wanda ya ce makiyayin Taraba ya biya ko sisin kwabo, kuma babu wata yarjejeniyar duniya da ta ba wa wata hukuma ikon ɗora masa hakan. Amma shawarwarin da ake yankewa a Bon da Burasil da Rum a kan hayaƙin noma da kiwo sun riga sun fara isowa Jalingo ta wasu ƙofofi: sharuɗɗan rancen da ake ba jihohi, dokokin kasuwannin da ke sayen amfanin gona, da kuma alƙaluman da Abuja ke miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya da sunan mutanen da ba a taɓa tambayarsu ba.

Kalmar "hayaƙi" da muka saba amfani da ita a labarai tana ɗan ɓatar da mai sauraro, domin wannan iska ba ta da launi, ido ba ya ganinta. Iskar metan ce, irin wadda ke cikin iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa. Ƙananan halittun da ke cikin tumbin saniya su ne ke narkar da ciyawa, a cikin wannan aiki suke samar da ita, saniyar kuma ta fitar da mafi yawanta ta gyatsa. Haka ma gonar shinkafa idan ruwa ya kwanta a kanta ya hana ƙasa shan iska. Akwai ta biyu, naitiros, wadda ke tashi daga takin zamani da kashin dabbobi, sai kabon da ke fita idan an sare daji ko an ƙone shi. Metan ba ta daɗewa a sararin samaniya, kimanin shekara 12 ne take yi, amma a cikin shekara 20 ɗumin da take riƙewa ya ninka na kabon kusan sau 80. Wannan ne ya sa manyan ƙasashe suka zuba mata ido: ita ce hanya mafi sauri ta rage zafin duniya a cikin rayuwar waɗanda ke raye yanzu. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce kusan kashi 32 cikin 100 na metan da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa daga dabbobi ne, kashi 8 daga shinkafa, kashi 35 kuwa daga man fetur da gas da kwal.

Abin mamaki, duk da girman wannan kaso, har yau duniya ba ta da doka mai tilastawa a kan hayaƙin noma. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Riyo a 1992 ta faɗi a fili cewa za a magance sauyin yanayi ta hanyar da ba za ta yi barazana ga samar da abinci ba, kuma yarjejeniyar Faris ta 2015 ta maimaita wannan sharaɗi. Tun daga nan noma ya zama wurin da kowa ke takawa a hankali. Ƙasashe masu arziki suna son a yi maganar rage hayaƙi. Ƙasashe masu tasowa, Indiya da ƙungiyar Afirka a gaba, suna cewa maganar da ta dame su ita ce yadda manomi zai tsira daga fari da ambaliya, da kuma wanda zai biya kuɗin. An shafe shekaru ana wannan ja-in-ja kafin a taron Bon na 2017 a amince da wani shirin tattaunawa da aka raɗa wa sunan Koronibiya, wata cibiyar binciken noma a tsibirin Fiji. Shirin ya samar da tarurrukan ƙara wa juna sani a kan ƙasa da taki da kiwo, bai samar da ƙa'ida ko asusu ba. A taron Sharm el-Sheikh na 2022 aka sabunta shi na tsawon shekara huɗu. A Dubai a 2023 ƙasashe fiye da 150 suka sa hannu a kan sanarwar cewa za su shigar da abinci da noma cikin tsare-tsarensu na yanayi, ita ma sanarwa ce ta ganin dama.

Haka alƙawarin metan da Amurka da Tarayyar Turai suka ƙaddamar a Gilasgo a watan Nuwamban 2021, na rage kashi 30 cikin 100 kafin 2030 idan aka kwatanta da 2020. Najeriya tana ciki. Sin da Indiya da Rasha ba su shiga ba. Kuma kashi 30 ɗin na duniya ne a dunƙule, ba a raba wa kowace ƙasa nata ba, balle a ce kowane fanni ga abin da zai rage.

Dalilin wannan tafiyar hawainiya ba ɓoyayye ba ne: manomi yana da ƙuri'a. Ƙasar Niyu Zilan, inda kusan rabin hayaƙinta daga noma da kiwo yake, ta yi shekaru tana tsara yadda za ta sa wa hayaƙin gonaki farashi, sabuwar gwamnati ta soke shirin a watan Yunin 2024. A Holan, yunƙurin rage dabbobi saboda gurɓatar naitirojin ya fito da manoma kan tituna da taraktoci tun 2019, har jam'iyyar da ta tsiro daga wannan fushi ta zo ta ɗaya a zaɓen larduna na watan Maris 2023. Idan ƙasashen da ke da rajistar kowace saniya da kuɗin biyan diyya sun kasa, ya kamata a yi hattara da duk wanda ya zo Afirka yana cewa abin mai sauƙi ne.

Inda maganar ta fi shafar Taraba shi ne wajen awo. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2006 kiwo ne ke da kashi 18 cikin 100 na hayaƙin duniya. A 2013 ta ce kashi 14.5, a 2023 ta ce kashi 12. Shanu ba su ragu ba, hanyar lissafi ce ta sauya. Sannan akwai ma'auni iri biyu, kowanne da wanda yake wankewa. Idan aka auna kowace saniya ita kaɗai, Bunaji ko Gudali ta Taraba ba ta kusa da saniyar madara ta Amurka ba: ƙa'idojin kwamitin ƙwararru na IPCC na 2006 sun ƙiyasta wa saniyar Afirka da ba ta madara ba kilo 31 na metan a shekara, yayin da ta madara a Arewacin Amurka ta haura kilo 100. Amma idan aka raba hayaƙin da yawan madarar da aka tatsa, sai lissafi ya juye. Wani rahoton FAO na 2010 ya ce kowane kilo na madara a Afirka kudu da Sahara yana tafe da kimanin kilo 7.5 na hayaƙi, alhali matsakaicin duniya 2.4 ne. Saniyar da ke ba da lita ɗaya ko biyu a rana ba za ta yi gasa da mai ba da 30 a wannan ma'auni ba.

Ma'auni na biyu shi ne ya fi shiga takardun masu ba da rance, kuma yana da naƙasu babba. Yana ɗaukar saniya a matsayin injin madara da nama kawai. A Ardo Kola ko Karim Lamido kuwa saniya ita ce asusun ajiya, ita ce garmar huɗa, ita ce takin da manomi ke roƙon a kwana masa a gona bayan girbi, ita ce sadaki da kuɗin asibiti. Tana cin karan dawa da ƙaiƙayi da ciyawar tudun da ba a nomawa, ba a sare dajin wata nahiya don a shuka mata waken soya ba. Masu bincike na Faransa da Senegal da suka auna dukan yankin kiwo a Ferlo, da dabbobinsa da itatuwansa da ƙasarsa, sun gano cewa abin da itatuwa da ƙasa ke zuƙewa a shekara yana iya daidaita abin da garken ke fitarwa. Cibiyar Mazingira ta hukumar binciken dabbobi ta ILRI a Nairobi, wadda aka kafa musamman don a auna dabbobin Afirka a ƙasar Afirka, ta samu cewa hayaƙin da ke tashi daga kashin shanun Kenya bai kai abin da tsofaffin ƙa'idojin IPCC suka ɗora musu ba.

Wannan bai zama hujjar naɗe hannu ba. Saniyar da ta yi ƙiba da damina ta rame da rani ta shafe shekara tana gyatsa ba tare da ta ƙara wa mai ita komai ba. Wadda sammore ko ciwon huhu ya kashe bayan shekara huɗu, duk iskar da ta fitar ta tafi a banza, kamar yadda wahalar mai ita ta tafi. Bijimin da ya kai kasuwa a shekara uku maimakon shida ya rage hayaƙi, ya kuma sa wa mai shi kuɗi a aljihu da wuri. A nan buƙatar makiyayi da buƙatar masu lissafin yanayi suka haɗu: allurar rigakafi a kan lokaci, ruwan sha, harawa da dusa da za a ajiye wa bazara, da kasuwar madara da ba ta lalacewa kafin ta kai gari. Najeriya, wadda jami'anta ke cewa tana kashe kusan dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara, ba ta buƙatar wani ya zo daga Turai ya gaya mata amfanin wannan. Abin da bai dace da nan ba shi ne irin maganin Bovaer da aka amince da shi a Brazil a 2021 da Tarayyar Turai a 2022, mai rage metan da kusan kashi 30 cikin 100 a shanun madara, domin sai an cuɗa shi cikin abinci kullum, a garken da ke ci daga kwami. Saniyar da ke tafiyar kilomita goma neman ciyawa ba ta cikin lissafin waɗanda suka ƙirƙiro shi.

Kafin ma a kai ga kilo nawa kowace saniya ke fitarwa, akwai tambayar da ta riga ta: shanu nawa ne? Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama da ta ƙasa a 1990 ta ba da kimanin miliyan 13.9 a faɗin Najeriya, kuma shekaru da dama adadin da ake ta ambato, wajen miliyan 20, ƙari ne da ake yi a kan wancan tushe bisa hasashe. Ƙidayar shanu a Arewa ba aikin takarda da biro ba ne kawai. Makiyayi ya gaji tarihin da duk ranar da hukuma ta zo ƙirga masa garke, haraji ne ke biye. Tun 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka yi shelar soke haraji da jangali, amma tsoron bai bi shelar ya tafi ba, ga kuma al'adar da ke ƙyamar mutum ya faɗi yawan dukiyarsa. Jami'in da ya shiga ruga da na'ura yana cewa ya zo auna iskar shanu, a shekarar da rediyo ke ba da labarin harajin Denmak, kada ya yi tsammanin za a nuna masa garken duka. Dokar Sauyin Yanayi da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Nuwamban 2021 ta ba Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi aikin tsara harajin kabon tare da hukumar tattara haraji ta tarayya. Hankalin masu dokar yana kan manyan masana'antu da kamfanonin mai, amma wajibi ne hukuma ta fito ta faɗi haka da Hausa da Fulatanci kafin jita-jita ta riga ta.

Taraba tana da wata matsalar ta daban. Lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya yana bin iyakar ƙasa ne, shanu kuwa ciyawa suke bi. Garken da ya yi damina a Mambila ya gangara Kamaru da rani, hayaƙinsa na wa ne? Yarjejeniyar zirga-zirgar makiyaya ta 1998 ta ƙasashen ECOWAS ce, Kamaru ba ta cikin ƙungiyar.

A nata ɓangaren, Najeriya ta yi alƙawura masu nauyi. Ta tabbatar da yarjejeniyar Faris a 2017. A takardar da ta sabunta a 2021 ta ce za ta rage kashi 20 cikin 100 da ƙarfinta, ko kashi 47 idan ta samu tallafi, kafin 2030, sannan a Gilasgo Buhari ya ce za a kai matsayin da abin da ake fitarwa zai yi daidai da abin da ake zuƙewa a 2060. Wannan takarda ta ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na hayaƙin ƙasar a kan makamashi, kusan kashi 25 a kan noma da daji da amfani da ƙasa. Ma'ana, gas ɗin da ake ƙonawa da wanda ke zurarewa a Neja Delta, da janareto da motoci, su ne jakin. A kula kada a bar su a koma dukan taiki. Amma Abuja ce ke sa hannu, ƙasa kuwa a hannun gwamnoni take bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Duk wani alƙawarin da ya shafi gona ko makiyaya ko daji, a ofisoshin Jalingo da na ƙananan hukumomi 16 na jihar zai cika ko ya mutu.

Nan ne kuma haɗarin yake. Taraba ta riga ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka yi wa kiwo doka cikin fushi. A watan Yunin 2017 rikicin ƙasa a tsaunin Mambila ya ci rayuka da dabbobi masu yawa. A watan Yuli na wannan shekara Gwamna Darius Ishaku ya sa hannu a kan dokar hana kiwon sake da kafa wuraren kiwo na killace, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2018. A watan Fabrairu, bayan zuwan kwamitin da Gwamna Dave Umahi ya jagoranta, aka amince a dakatar da ita a sake dubawa. Shirin Ruga na gwamnatin tarayya bai yi nisa ba aka jingine shi a Yulin 2019. Taraba na cikin jihohi bakwai da aka zaɓa don gwajin shirin sauya fasalin kiwo na ƙasa na 2019 zuwa 2028, kuma a Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. A cikin irin wannan yanayi, hujjar "shanun yawo sun fi gurɓata iska" makami ne da ke ajiye a ƙasa, duk mai son a rufe burtali zai iya ɗauka ya ce kimiyya ce ta ce. Kimiyyar ba ta faɗi haka kai tsaye ba. Killace saniya ba tare da abinci mai kyau da ruwa da likita ba ba ya rage komai, kuma kashin da aka tara wuri guda cikin danshi ya fi wanda ya bushe a fili fitar da metan. Mambila kanta darasi ce: can ne aka fi samun makiyayan da suka zauna wuri ɗaya suka kewaye filaye da waya, saboda sanyin tsaunin ya kore ƙudan tsando, kuma can ne rigimar wa ke da ƙasa ta fi zafi. Manomin Mambila da ke neman inda zai shuka masara yana da hakki, makiyayin da ke riƙe da takardar fili shi ma yana da nasa, kuma babu lissafin metan da zai raba wannan gardama.

Maganar shinkafa ta fi sauƙi, kuma an fi yin shiru a kanta. Kwarin Binuwai, daga Lau da Karim Lamido zuwa Gassol da Ibi, na cikin manyan wuraren noman shinkafa a ƙasar nan. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta daɗe tana koyar da wata dabara: maimakon a bar ruwa kwance tun daga dashe har girbi, sai a kafa ɗan bututu mai huji-huji a gona, a bar ruwan ya janye har ya sauka kimanin santimita 15 ƙarƙashin ƙasa, sannan a sake ba da shi, sai lokacin fitar da fure ne ba a barin gonar ta bushe. Wannan yana rage metan da kashi 30 cikin 100 ko fiye, yana rage ruwan da ake sha da kusan haka, ba tare da amfanin gona ya ragu ba idan an bi ƙa'ida. Dabarar tana cikin matakan da Najeriya ta rubuta a shirinta na 2019 na rage gurɓatattun iskoki masu gajeren zango. Ga mai noman rani da ke ja da injin ban ruwa, tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace ranar da bai tayar da inji ba riba ce. Ba sai an ambata masa yanayi ba. Ga mai shinkafar fadama ta damina kuwa, ruwan ba a hannunsa yake ba. Kogi ne ke kawowa, wani lokaci da ƙarin abin da aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, shekarar da ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar. Mutumin da ya ga gonarsa ta nutse, ya kuma ga gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ta karye a 2024, yana da dalilin tambayar me ya sa ake masa maganar abin da yake fitarwa kafin a yi maganar abin da ya rasa. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na kabon da duniya ke fitarwa daga ƙona mai da kwal ba.

Daji shi ne wurin da dokar duniya ta taɓa cizo a Taraba, kuma yadda ta ciza abin nazari ne. A tsakiyar shekarun 2010 aka yi wa itacen madobiya, wanda 'yan katako suka raɗa wa suna Madrid, sara irin na ba gobe, ana lodinsa zuwa Legas a tura Sin. An sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a 2016, aka dakatar da cinikinsa daga Najeriya a 2018. Dokar ta yi aiki domin tana da haƙori: ƙasar da ke saye ba ta da ikon karɓa. Amma ta zo ne bayan manyan itatuwan sun tafi, kuma madobiya na cikin itatuwan da makiyaya ke sassabe wa shanu ganyensu da rani, don haka asarar ta faɗa kan kiwo ma. Yanzu wata dokar mai haƙori tana tafe. Tarayyar Turai ta zartar a 2023 cewa koko da kofi da manja da roba da waken soya da katako da shanu ba za su shiga kasuwarta ba idan an samar da su a filin da aka sare daji bayan 31 ga Disamban 2020, kuma dole a nuna wurin kowace gona a taswirar tauraron ɗan Adam. An ɗage fara aikinta fiye da sau ɗaya, ba a soke ta ba. Turai ce babbar kasuwar kokon Najeriya, kuma ana noman koko a Kurmi, a gefen dazuzzukan da suka rage. Manomin da ba a sa gonarsa a taswira ba zai iya rasa mai saye ko da bai sare ko reshe ba.

Sai kasuwar kabon, wadda ake tallatawa a matsayin hanyar da talaka zai ci gajiyar wannan lamari: kamfani a Turai ko Amurka ya biya kuɗi don a riƙe kabon a ƙasar kiwo ko a daji a Afirka, ya rubuta cewa ya rage nasa. Jihar da ke da mafi yawan gandun Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, da faffadan tsaunin Mambila, ba za ta rasa masu zuwa da irin wannan tayi ba. Kafin a sa hannu, a karanta labarin arewacin Kenya. Can aka kafa ɗaya daga cikin manyan ayyukan kabon na ƙasar kiwo a duniya, aka tsara wa makiyaya inda za su yi kiwo da lokacin da za su tashi, aka sayar da takardun ga manyan kamfanoni. Verra, hukumar da ke tantance irin waɗannan takardu, ta dakatar da aikin a 2023 don bincike, kuma a watan Janairun 2025 wata kotu a Isiolo ta yanke cewa an kafa biyu daga cikin gandayen yankin ba bisa ƙa'ida ba, ba tare da an nemi ra'ayin jama'a yadda doka ta tanada ba. Ita dai Verra a 2024 ta yi watsi da ayyukan shinkafa 37 a Sin saboda alƙaluman ba su tsaya ba. A Taraba, inda gwamna ke riƙe da ƙasa a madadin jama'a, sarki da ardo da mai unguwa ke sanin iyakokinta, makiyayi da manomi ke amfani da ita a lokuta daban-daban na shekara, wa ya mallaki kabon da ke cikinta? Idan ba a amsa wannan a rubuce ba tun farko, za a koma ga kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuɗin gwamnatoci ma bai taka kara ya karya ba. A taron Baku na 2024 ƙasashe masu arziki suka amince da dala biliyan 300 a shekara kafin 2035, adadin da ƙasashe masu tasowa, har da wakilan Najeriya, suka fito fili suka ce ya yi kaɗan. Wani nazari da asusun IFAD ya ɗauki nauyi a 2020 ya nuna cewa kashi 1.7 cikin 100 kacal na kuɗin yanayi ke kaiwa ga ƙananan manoma. Abin da ya fi kusa da Taraba shi ne shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja don farfaɗo da ƙasar da ta lalace, kuma wannan rance ne, za a biya.

A ganina, abin da ya fi gaggawa a Jalingo ba shi da tsada sosai. Jami'ar Jihar Taraba da Kwalejin Aikin Gona da ke Jalingo da Jami'ar Tarayya ta Wukari suna iya fara auna nauyin shanun jihar, da abin da suke ci damina da rani, da madarar da suke bayarwa. Waɗannan bayanai ne IPCC ke buƙata kafin ƙasa ta bar ƙiyasin gama-gari ta koma lissafi da alƙalumanta. Bambancin yana da muhimmanci: a ƙarƙashin ƙiyasin gama-gari, ana ninka yawan shanu ne da adadi guda, don haka hanya ɗaya tak da ƙasa za ta nuna ta rage hayaƙi ita ce ta rage garke. Allurar rigakafi da harawa da aka ba saniya ba za su fito a takarda ba, abin da bai fito a takarda ba kuwa ba a biyan kuɗinsa.

Wa'adin shirin Sharm el-Sheikh yana cika a 2026, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa makiyaya da filayen kiwo bisa shawarar ƙasar Mongoliya. Abin da tawagar Najeriya za ta faɗa a kan shanu da shinkafa a wannan zama zai dogara ne a kan bayanan da jihohi irin Taraba suka iya ɗora mata a hannu kafin ta tashi daga Abuja.